Babi na Bakwai: Sili Uku

A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, a ƙauyukan Khurasan da ke gabashin Iran, ba a jiran fitowar rana kafin a tafi gona. Ana idar da sallar asuba kowa zai suri kwandonsa, mata da maza da yaran da suka tasa, a fita cikin sanyin da ke ƙage yatsu. Gonar da jiya aka tsince tas, aka bar ta daga ƙasa sai 'yan siraran ganye, yau ta wayi gari lulluɓe da furanni shunayya. Furen gajere ne, da ƙyar yake wuce idon sawu, don haka a duƙe ake aikin daga farko har ƙarshe. Kuma sauri ake yi. Ana so a tsinke shi tun yana rufe, domin da zarar rana ta buge shi zai buɗe, ƙura ta shiga, abin da ake nema a cikinsa ya fara yaushi.

Kafin hantsi an dawo gida, an zube furannin a kan shimfiɗa a tsakar ɗaki, an zauna an kewaye su. Nan ne ainihin wahalar take. A ɗauki fure ɗaya, a tsaga shi da farce, a ciro wasu jajayen sili guda uku da suka haɗu a gindi ɗaya mai fari-fari, a jefa su cikin faranti, a yar da sauran. Ganyen furen da 'yan sandunan nan masu rawayar ƙura duk shara ne, ko abincin dabbobi. Ba a kwana da furen da aka tsinko, in an kwana ya lalace, saboda haka wani lokaci har tsakar dare ana zaune, yatsu sun rine. Sai a shanya silin, ko a busar da shi da ɗan ɗumi. Kilo 5 na ɗanye ne ke komawa kilo 1 na busasshe, kuma kafin a tara wannan kilo ɗaya sai an tsaga fure kusan 150,000. Hekta guda cur, a shekara mai kyau, abin da takan bayar bai cika wuce kilo 3 zuwa 5 ba. Duk kakar ba ta wuce mako biyu zuwa uku.

Wannan busasshen silin shi ne za'afaran. Mai ba da shi kuwa tsiro ne da masana ke kira Crocus sativus, ɗaya daga cikin 'ya'yan wata zuriya mai suna Crocus, kurokus a bakinmu.

Kurokus na cikin babban dangin da ake kira Iridaceae, mai nau'o'i sama da 2,000, wanda fiye da rabinsu a kudancin Afirka suke. Rumana, wadda ke fitowa a dajinmu da damina, 'yar wannan dangi ce. Amma ita zuriyar kurokus arewa ta yi. Ana samunta daga Fotugal da Maroko, ta bi gaɓar Bahar Rum, ta ratsa Girka da Turkiyya da Iran, har yammacin ƙasar Sin. Inda ta fi yawa da bambanta shi ne duwatsun Turkiyya da yankin Balkan. Adadin nau'o'inta kuwa ya danganta da wanda ka tambaya. George Maw, wani Bature mai masana'antar tayil da ya kashe shekaru yana yawon neman waɗannan furanni, ya wallafa babban littafi a kansu a 1886. Brian Mathew ya zo a 1982 ya ƙirga 80. Jānis Rukšāns na ƙasar Latbiya, a littafinsa na 2017, ya kai su sama da 200. Ba wai furannin ne suka ƙaru haka ba. Wasu an gano su daga baya a lungunan duwatsu, wasu kuma masana ne ke musu a kansu, wannan ya ce nau'i ɗaya ne, wancan ya ce uku ne. Musun bai ƙare ba.

Abin da ba a musu a kai shi ne dabarar rayuwar tsiron. Ƙasashen da yake zaune suna da lokuta biyu masu kisa: watannin zafi da ba a ɗigon ruwa, da hunturu mai dusar ƙanƙara. Kurokus ya warware matsalar da ɓuya. Yawancin shekara ba ka ganin komai a bisa ƙasa. Ransa duka yana cikin wani dunƙulallen kai da ke binne, wanda in ka gan shi daga waje za ka ce ƙaramar albasa ce, in ka yanka kuwa sai ka tarar ba ɓawo-ɓawo ba ne, cikinsa a cure yake irin na gwaza. Rumbun abinci ne, an naɗe shi da wata busasshiyar riga mai zare-zare, kuma da saƙar wannan riga masana ke bambanta wani nau'i da wani. Kowace shekara tsohon kan yana ƙarewa, sababbi su fito a bisansa. Da haka kawai ake tafiya, da bayan 'yan shekaru tsiron ya hau sama ya fito fili, rana ta ƙone shi ko ɓeraye su cinye. To akwai wasu saiwoyi masu kauri da ke shiga ƙasa su kama, sannan su takure, su janyo kan ya koma zurfin da ya dace da shi.

Furen ma a ɓoye yake ajiye abin da ya fi muhimmanci. Abin da ido ke ɗauka kara ne, ba kara ba ne, dogon maƙogwaron furen ne da ya taso daga ƙarƙashin ƙasa. Mahaifar da iri zai ƙullu a ciki tana can ƙasa, inda sanyi da bakin akuya ba sa kaiwa. Sai iri ya nuna sannan wani ɗan kara ya turo kwanson sama, ya fashe. A nau'o'i da dama tururuwa ce ke kwashe irin, saboda wani ɗan maiƙo da ke manne da shi, ta ci maiƙon ta yar da ƙwayar a wani wuri, ta yi shuka ba ta sani ba. Furen yana jin ɗumi ƙwarai: rana ta ɗan leƙo ya buɗe wa ƙudan zuma, gajimare ya rufe ta ko yamma ta yi ya tsuke. Wasu nau'o'in suna fure a Fabrairu da Maris, har sukan huda ƙanƙara su fito. Wasu kuma sai da kaka, bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Za'afaran na cikin 'yan kaka.

Sai dai shi duk wannan hidima ta iri da tururuwa ba ta shafe shi ba, domin za'afaran juya ne. Yana fure, ƙudan zuma na ziyartarsa, amma ba ya ƙulla iri. Dalilin yana cikin ƙwayoyin gadonsa. Yawancin halittu suna ɗauke da jeri biyu na kuromosom, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, in an zo haihuwa a raba biyu daidai. Za'afaran jeri uku gare shi, takwas-takwas, jimla 24. Uku ba ta rabuwa biyu ba tare da saura ba, don haka ƙurar furensa da ƙwansa duk a gurguje suke fitowa. Hanya ɗaya ce ta rage masa ya yaɗu: mutum ya haƙo kawunan, ya ɓantare 'ya'yan da suka fito a jikin uwa, ya sake binne su a wata gona. In an bar su wuri ɗaya shekara da shekaru sai su cunkushe, su ƙanƙance, fure ya ja baya. Manoman Iran sukan bar gona shekara biyar zuwa bakwai ko fiye kafin su tone, na Sifaniya ba sa kai haka.

Ma'anar wannan ita ce za'afaran ɗin Iran da na Kashmir da na Maroko da na Sifaniya, a jini, kusan tsiro ɗaya ne da aka yi ta yankawa ana rabawa tsawon dubban shekaru. Bambancin da 'yan kasuwa ke rantsuwa a kai, na ƙamshi da kauri da launi, daga ƙasa da ruwa da yanayi da yadda aka busar yake zuwa. Ba a taɓa samun Crocus sativus yana rayuwa da kansa a daji ba.

To daga ina ya fito? An daɗe ana ja-in-ja, Iraniyawa na cewa nasu ne, wasu na nuna Kashmir ko Mesofotamiya. A 2019 ƙungiyoyi biyu na masana a Jamus, ɗaya a cibiyar binciken tsirrai ta Gatersleben, ɗaya a jami'ar Dresden, suka fitar da sakamakon da ya zo ɗaya: uwar za'afaran ita ce wata kurokus ta daji mai suna Crocus cartwrightianus, wadda ke fitowa a kudancin Girka da tsibiranta. Ƙungiyar Gatersleben ta ƙara da cewa waɗanda ke yankin Attika, kewayen birnin Atina, su suka fi kusa da shi. Wata rana, a wani tudu, aka samu kuskure wajen rabon ƙwayoyin gado, aka haifi tsiro mai jeri uku. A ƙa'idar daji wannan mataccen reshe ne, zai yi 'yan shekarunsa ya shuɗe. Amma silinsa ya fi na 'yan uwansa tsawo da ja, har yana zubowa waje da furen, kuma akwai mutanen da suka riga suka san darajar sili suna yawo a wuraren. Wani, ko wata, ya lura, ya haƙo ya kai gida.

Muna da hoton irin waɗannan mutane. A tsibirin Santorini akwai wani tsohon gari, Akrotiri, da toka ta binne lokacin da dutse ya yi aman wuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Spyridon Marinatos ya fara tone shi a 1967. A bangon wani gini aka tarar da zanen 'yan mata sanye da kayan ado suna tsinkar kurokus a kan duwatsu suna zubawa a kwanduna, can gefe kuma wata mace na zaune a bisa karaga, wani shuɗin biri na miƙa mata silin. Abin da ya fi jan hankalina a zanen shi ne duƙawar. Shekara 3,600 ke nan, an ƙera injin girbin alkama da na auduga da na tumatir, amma mai tsinkar za'afaran har yau a duƙe take, da kwando a gefenta.

Daga nan ya bazu. Farisawa suka rungume shi a shinkafa da rini da magani. Girkawa da Rumawa suka sa shi a turare da giya, har suna yayyafa ruwansa a gidajen wasa don ƙamshi. Larabawa suka ƙarfafa nomansa a Andalus. Ibn Sina ya yi bayaninsa cikin magunguna. Ɗalibin fiƙihu a Kano ko Zinder ya san sunansa tun kafin ya gan shi da ido, domin a babin aikin hajji an hana mai harami sa tufar da aka rina da za'afaran, kuma ya zo a hadisi cikin siffar ƙasar Aljanna. A Turai, bayan annobar da ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa a tsakiyar ƙarni na 14, mutane suka yi imani yana kariya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 1374 wani basarake ya tare 'yan kasuwar birnin Basel ya ƙwace musu kayan za'afaran, aka yi mako 14 ana kewaye da ganuwarsa. A Ingila akwai garin da har yau yake ɗauke da sunan amfanin, Saffron Walden, ko da yake an bar nomansa a can tun ƙarni na 18, lokacin da ladan ma'aikaci ya fi ƙarfin abin da gona ke bayarwa.

Wannan dalili na Ingila shi ne ke tafiyar da taswirar za'afaran har gobe. Tsiron ba shi da tsada wajen ruwa ko taki. Hannu yake ci. Duk ƙasar da hannu ya yi tsada, noman sai ya gudu. Sifaniya, wadda a farkon ƙarni na 20 take fitar da sama da tan 100 a shekara, yau abin da yankin La Mancha ke samarwa bai taka kara ya karya ba, duk da cewa suna da hanyar gasa shi a rariya bisa garwashi wadda ke ba shi wani ƙamshi na daban, kuma garin Consuegra na yin bikinsa kowane ƙarshen Oktoba, har da gasar saurin cire sili. Girka na da nata a Kozani, ƙarƙashin ƙungiyar manoma da aka kafa a 1971. Italiya na da 'yan gonaki a Abruzzo da Sardiniya. Maroko na da Taliwin a tsaunukan kudu. Afganistan ta shigo da ƙarfi ta lardin Herat, inda aka yi ta kwaɗaitar da manoma su bar noman ofiyom su kama wannan. Amma duk in aka haɗa su ba su kama ƙafar Iran ba, wadda ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran ɗin duniya, mafi yawansa daga Khurasan, wuraren Torbat Haidariya da Ƙa'in da Gonabad.

Ba banza ya zauna a can ba. Khurasan busasshiyar ƙasa ce, ruwa a cikinta dukiya ne da ake rabawa da awa. Tun zamanin da mutanen yankin suke haƙa abin da suke kira ƙanat: jerin rijiyoyi da aka haɗa gindinsu da rami mai ɗan gangare, ruwa ya biyo daga gindin dutse ya fito fili ba tare da guga ko inji ba. Ƙanat ɗin Gonabad ya haura kilomita 30, uwar rijiyarsa ta kai zurfin kusan mita 300, kuma yana cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016. Za'afaran ya dace da wannan tsari ƙwarai. A watannin zafi, lokacin da kowane amfani ke kukan ƙishi, shi barci yake yi, ruwa ma cutar da shi yake. Sai kaka ta shigo, sauran gonaki sun gama sha, a ba shi ruwan farko, bayan 'yan makonni fure ya ɓarke. Manomi mai ƙaramin fili da ƙaramin rabo na ruwa da 'ya'ya da yawa ba shi da amfanin da ya fi masa wannan. Ga shi ba ya ruɓewa, ba ya cin wuri. Akan adana shi a gida, in buƙata ta taso, aure ko rashin lafiya, a ɗebi 'yan miskali a kai kasuwa, domin da miskali ake auna shi a can, wato giram 4.6 da ɗan kai.

A nan ne kuma zancen yake ɗaci. Ana yi wa za'afaran kirari da jan zinariya, har wasu na cewa ya fi zinariya tsada. Wannan ƙarin gishiri ne: giram ɗin zinariya ya ninka na za'afaran sau da yawa. Gaskiyar ita ce shi ne mafi tsada a kayan ƙamshin girki, kilo ɗaya yakan kai dubban daloli a kantunan Turai da Amurka. Amma kaɗan ne daga wannan kuɗi ke komawa ɗakin da aka zauna aka tsaga furen. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iran ya sa ba ta iya sayarwa kai tsaye a manyan kasuwanni da yawa. Sai kaya su fita a buhu zuwa Dubai ko Sifaniya, a zuba su a 'yan kwalabe masu kyau, a manna wata takarda, farashi ya ninka. Shi ya sa Sifaniya ke fitar da za'afaran da ya ninka abin da take nomawa nesa ba kusa ba. Matar da ta yi asubanci a Torbat Haidariya ladan yini take karɓa, ribar tana hannun mai kwalba.

Abu mai tsada, mara nauyi, wanda yawancin masu saye ba su san kamanninsa ba, dole ya tara 'yan damfara. A birnin Nuremberg na Jamus sai da aka kafa hukuma ta musamman mai duba za'afaran, kuma a 1444 aka ƙone wani ɗan kasuwa da ransa tare da jabun kayansa. Hukuncin bai hana ba. A 2021 'yan sandan Sifaniya sun kama mutum 17 kan shigo da na Iran, suna cakuɗa shi da tarkacen fure da rini, suna sayarwa da sunan na La Mancha. Dabarun ba su canza sosai ba: wani fure da ake kira usfur, gashin masara da aka rina, zaren nama ko na roba, garin gangamau a madadin niƙaƙƙe, ko a fesa wa na gaskiya zuma ko mai don ya ƙara nauyi.

Gane na ƙwarai ba ya buƙatar ɗakin gwaji, ko da yake akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 3632 da ke auna sinadarai uku: kurosin mai ba da launi, fikrokurosin mai ɗaci, da safranal mai ƙamshi. Ka ɗauki sili ɗaya ka duba da kyau. Kansa a buɗe yake, mai faɗi da ɗan tsage-tsage a baki, gindinsa siriri. Ka ɗanɗana: ƙamshinsa na da zaƙi-zaƙi, amma a harshe ɗaci gare shi, in ka ji zaƙi an yi masa wanka da wani abu. Ka jefa shi a ruwan ɗumi: na gaskiya a hankali yake sakin launi, kuma launin rawaya ne mai haske, shi silin ya zauna da jansa. Wanda ya mai da ruwa ja nan take, ya koma fari, rini ne. Iraniyawa suna da darajoji: sargol shi ne jan kai zalla, negin dogaye ne masu kauri da suka fi kowanne kyan gani, fushal yana haɗe da ɗan farin gindi, daste kuwa ɗauri ne na silin gaba ɗaya. Niƙaƙƙe dai, in ba ka yarda da mai shi ba, bar masa kayansa.

Wannan ya shafe mu. Za'afaran ba ya cikin tukunyar Bahaushe, miyarmu ba ta nemansa, sai dai wanda ya saba da gahawa da shinkafar Larabawa a Makka da Madina, ko biryani na Indiyawa. Inda ya shigo mana shi ne wajen malamai, a rubutun da ake yi da za'afaran da miski da ruwan wardi, da kuma wajen masu haɗa turare. Yana cikin tsarabar da ake roƙon alhazai. To mai saye ya yi lissafi da kansa: giram ɗaya fure 150 ne, da duƙawar wani da zaman wani. In an miƙo maka kwalba cike da jan ruwa ko ƙullin gari a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, aka ce za'afaran ne, lissafin bai fita ba. Masu cewa a noma shi a nan kuma, su fara duba kalandar tsiron. Yana son zafi busasshe yana barci, sannan sanyi ya sauko ya tashe shi, sannan hunturu mai ɗan danshi ya yi ganye ya tara abinci. Mu kuwa daminarmu tana sauka ne daidai lokacin da yake son bushewa, kuma kan da ya kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi ruɓewa yake yi.

Batun magani, a taƙaice. An yi gwaje-gwaje, yawancinsu ƙanana kuma a Iran, da suka nuna kimanin miligiram 30 a rana yana iya taimaka wa mai matsakaicin ciwon damuwa. Abin lura ne, amma bai kai a ajiye maganin likita ba. Yawansa kuma guba ne: giram 5 a tashi ɗaya na iya illa, kuma mai ciki ta nisanci duk abin da ya wuce ɗan abin da ake sa wa abinci. Haɗari mafi girma shi ne wani fure mai suna Colchicum, wanda shi ma da kaka yake fitowa, shunayya, kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Sandunan ƙurarsa shida ne, na kurokus uku. Yana ɗauke da kolcisin, wanda likitoci ke ba masu ciwon gaɓɓai na gawut a ɗan mitsitsin awo, amma ya sha kashe mutanen da suka ci ganyensa bisa kuskure.

Sauran 'yan zuriyar ba su da abin sayarwa sai kyau, kuma kyan ya ishe su. Tun ƙarni na 16 aka fara kai kawunansu daga Istanbul zuwa lambunan Turai, mutanen Holan suka mai da su sana'a, suka fitar da masu manyan furanni farare da rawaya da shunayya da masu zane. Ga wanda ya yi wata huɗu cikin duhu da ƙanƙara, fitowar kurokus a ciyawar bakin hanya albishir ne cewa hunturu ya kusa tafiya. Akwai ma wata alaƙa da mu da ba kowa ya sani ba. Ƙungiyar Rotary a Birtaniya takan shuka miliyoyin kurokus shunayya don tara kuɗin yaƙi da shan inna, kuma sun zaɓi launin ne saboda tawadar da ake shafa wa ɗan yatsan yaron da aka ɗiga wa rigakafi, wadda kowace uwa a Arewa ta sani. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Waɗannan na ado da na daji suna da abin da za'afaran ya rasa: suna haihuwa, kowane iri ya fito da ɗan bambanci, in cuta ko fari ya zo wasu su mutu wasu su tsira. Za'afaran in abu ya kama ɗaya, ya kama duka. Kuma abubuwan sun fara zuwa. A Pampore na Kashmir, inda ake noma shi a kan tudun da suke kira karewa, ruwan sama ya daina zuwa a kan kari, gine-gine sun ci gonaki, ƙurar masana'antun siminti na sauka a kan fure, abin da ake samu ya faɗi ƙasa sosai idan aka kwatanta da shekarun 1990, duk da shirin farfaɗowa da gwamnatin Indiya ta ƙaddamar a 2010. A Khurasan rijiyoyin burtsatse sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙanat da dama sun ƙafe, kaka tana makara da ɗumi, ga ruɓar kai da wani naman gwari mai suna Fusarium ke haddasawa.

Mai gyaran irin gero ko masara in ya ga haka sai ya haɗa wannan da wancan ya zaɓi mai juriya. Mai za'afaran ba shi da wannan ƙofa. An gwada amfani da kolcisin ɗin nan, wanda aka san yana ninka kuromosom, don a mai da jeri uku su zama shida su rabu daidai, amma har yau babu manomin da ke shuka za'afaran daga iri. Wasu sun koma noma shi a cikin ɗaki, a kan katakai, suna sarrafa sanyi da haske da na'ura. A garin Cuenca na Sifaniya an kafa rumbun adana kawunan za'afaran daga ƙasashe daban-daban tare da na 'yan uwansa na daji. Tun bayan binciken 2019 kuwa hankalin masana ya koma kan Crocus cartwrightianus, domin in daga gare ta aka samu na farko, ana iya sake haɗa wani daga gare ta, a wannan karon a zaɓi iyaye masu jure fari da cuta. Aikin shekaru ne, domin kurokus da aka shuka daga iri yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi furen farko.